Majalisa da Kotu: Gwagwarmaya a Kan Tsarin Mulkin Indiya

Kowace shekara dubban matasan da suka karanta ilmin shari'a a ƙasar Indiya sukan zauna jarrabawar shiga aikin alƙalanci. Jihohi ne ke shirya ta, domin sashe na 234 na tsarin mulkin ƙasar ya ɗora wa Gwamnan kowace jiha alhakin naɗa ƙananan alƙalai, bisa ƙa'idojin da aka tsara tare da shawarar hukumar ɗaukar ma'aikata ta jihar da kuma Babbar Kotunta. Mai neman cin wannan jarrabawa tilas ne ya haddace lambobin sassa da sunayen shari'u da shekarunsu. To amma galibin waɗannan lambobi a kan tambaya ɗaya suka taru, watau: shin majalisar da jama'a suka zaɓa tana da ikon sake kome da kome cikin tsarin mulki, ko kuwa akwai iyakar da ba za ta ƙetare ba?

Majalisar tsara tsarin mulki ta fara zama ran 9 ga Disamba, 1946, tun Turawan Ingila ba su tafi ba. Rajendra Prasad ne ya shugabance ta, shi kuwa kwamitin rubutu aka danƙa shi hannun Dakta B. R. Ambedkar, masanin shari'a wanda ya fito daga cikin mutanen da al'adar ƙasar ta mai da ƙasƙantattu, har ake ƙyamar taɓa su. An amince da tsarin ran 26 ga Nuwamba, 1949, ya fara aiki ran 26 ga Janairu, 1950, da sassa 395 cikin babi 22, da jadawali 8. An ɗebo da yawa daga dokar mulkin Indiya ta 1935, wadda Ingila ta kafa.

Babi biyu ne tushen rigimar da ta biyo baya. Babi na uku ya ƙunshi haƙƙoƙin ɗan ƙasa: daidaito gaban doka a sashe na 14, haramta ƙyamar ƙasƙantattu a sashe na 17, tsaron rai da 'yancin kai a sashe na 21. Sashe na 13 ya ce duk dokar da ta tauye su ɓatacciya ce, sashe na 32 kuma ya ba kowa damar kai kukansa Kotun Ƙoli kai tsaye. Babi na huɗu kuwa manufofi ne da aka hori gwamnati ta bi don kyautata zaman talakawa, amma sashe na 37 ya hana kotu tilasta su. Indiya ta aro wannan dabara daga tsarin mulkin Ailan na 1937, kuma irinta ce ta bayyana a babi na biyu na tsarin mulkin Nijeriya na 1979.

Rikici ya fara ne a kan gonaki. Gwamnatin Nehru ta ƙudura karɓar filaye daga hannun manyan masu ƙasa don raba wa manoma, su kuwa suka garzaya kotu da hujjar haƙƙin mallaka. Da Babbar Kotun Patna ta soke dokar filaye ta jihar Bihar a 1951, sai majalisa ta yi gyara na farko, ta ƙirƙiro jadawali na tara, inda aka jera dokokin da a wancan lokaci aka hana kotu taɓawa. A shari'ar Shankari Prasad ta wannan shekara, Kotun Ƙoli ta yarda cewa sashe na 368, wanda ya tsara yadda ake gyara, ya ba majalisa ikon taɓa ko da haƙƙoƙin babi na uku. A 1967 kotun ta sake ra'ayi: a shari'ar Golaknath alƙalai shida suka rinjayi biyar, suka ce majalisa ba ta da wannan iko. Indira Gandhi ta ci zaɓen 1971 da gagarumin rinjaye, nan da nan majalisa ta yi gyara na 24 don maido da ikonta.

Daga nan aka zo kan shari'ar da ta fi kowace shahara. Kesavananda Bharati shugaban wani gidan ibada ne na addinin Hindu a jihar Kerala, ya kai ƙara kan dokar da ta taɓa filayen gidan, lauya Nani Palkhivala ya tsaya masa. Alƙalai 13 suka zauna, abin da ba a taɓa yi ba, suka saurari bahasi kwana 68. Ran 24 ga Afrilu, 1973, bakwai suka rinjayi shida. Hukuncin ya ce majalisa tana iya gyara kowane sashe, amma ba ta da ikon rushe ginshiƙan da tsarin mulkin ya tsayu a kansu. Mai gida yana iya sake yaɓe da rufi, in kuwa ya tone harsashi, to ba gyara ya yi ba. Cikin ginshiƙan da alƙalai suka ambata akwai fifikon tsarin mulki, da mulkin dimokuraɗiyya, da tarayya, da rarraba iko tsakanin sassan gwamnati, da rashin fifita wani addini a kan wani.

Gwamnati ba ta ɓoye fushinta ba. Alƙalin Alƙalai Sikri ya yi ritaya washegari, aka tsallake manyan alƙalai uku daga cikin masu rinjaye, watau Shelat da Hegde da Grover, aka naɗa A. N. Ray daga ɓangaren marasa rinjaye. Su ukun suka ajiye aiki.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ran 12 ga Yuni, 1975, Babbar Kotun Allahabad ta soke zaɓen Indira Gandhi bisa ƙarar Raj Narain. Ran 25 ga wannan wata aka kafa dokar ta-ɓaci ƙarƙashin sashe na 352, aka tsare shugabannin adawa irin su Jayaprakash Narayan da Morarji Desai, aka ɗaure bakin jaridu. Majalisa ta yi gyara na 39 don hana kotu duba zaɓen Firayim Minista. Kotun Ƙoli ta soke wannan ɓangare da hujjar ginshiƙai, ko da yake ta tabbatar da zaɓen. Amma a Afrilun 1976, a shari'ar Jabalpur, aka tambayi kotun ko wanda aka tsare yana da damar neman a kawo shi gaban alƙali. Huɗu suka ce ba shi da ita muddin dokar ta-ɓaci na aiki. H. R. Khanna kaɗai ya ƙi, ya nuna cewa ba a raba mutum da ransa ko 'yancinsa ba tare da hurumin doka ba. A Janairun 1977 aka tsallake shi aka naɗa M. H. Beg Alƙalin Alƙalai, shi ma ya ajiye aiki.

Masu jefa ƙuri'a ne suka warware abin da kotu ta kasa. A zaɓen Maris na 1977 jam'iyyar Congress ta faɗi, Morarji Desai ya kafa gwamnati. Gyara na 44, na 1978, ya hana dakatar da sashe na 20 da na 21 ko a lokacin ta-ɓaci, ya kuma cire haƙƙin mallaka daga babi na uku, watau abin da aka yi kusan shekara talatin ana faɗa a kansa. A shari'ar Minerva Mills ta 1980 kotu ta soke ɓangaren gyara na 42, na 1976, wanda ya ce ikon majalisa na yin gyara ba shi da iyaka. Hujjarta ita ce, wanda aka ba iko mai iyaka ba ya amfani da shi don kawar da iyakar.

Ƙa'idar ginshiƙai ba ta rasa masu suka ba. Suna cewa ba a rubuta ta a kowane sashe ba, kuma ta ba alƙalan da ba wanda ya zaɓe su damar cin gyaran wakilan jama'a. Sukan ya ƙaru a 2015, da kotun ta soke gyara na 99, wanda ya kafa hukumar naɗa manyan alƙalai, domin a nan ta yi hukunci ne kan abin da ya shafe ta. Duk da haka an yi wa tsarin gyara 106 zuwa 2023, kuma kaɗan ne ƙwarai kotu ta taɓa.

A 2017 alƙalai tara suka zauna a shari'ar Puttaswamy, suka bayyana cewa hukuncin Jabalpur kuskure ne, ra'ayin Khanna shi ne daidai. Cikin waɗanda suka rubuta haka akwai D. Y. Chandrachud, ɗan Y. V. Chandrachud, ɗaya daga cikin alƙalai huɗun nan na 1976. Shekara 41 ke nan tsakani. Sassan da Khanna ya karanta su ne abokan aikinsa suka karanta, takarda ɗaya ce gabansu duka. Jarrabawa tana iya gwada ko ɗalibi ya haddace sashe na 21. Abin da zai yi da shi ranar da gwamnati mai ƙarfi ta tsaya a gefe guda, fursuna a ɗaya gefen, wannan sai ranar ta zo.