Daga Golmo Zuwa Gonar Jami'a: Tarihin Koyon Sana'a a Ƙasar Zuru

A shekarar 2006 Gwamnatin Tarayya ta umarci Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sa darasin sana'a da kasuwanci ya zama tilas ga kowane ɗalibi, aka soma aiki da umarnin a zangon karatu na 2007/2008. Dalili kuwa shi ne masu digiri sun yi yawa, aikin albashi ya yi kaɗan. Tambayar da ta rage wa malamai ita ce, shin ana iya koya wa mutum fatauci a kan allo? Tarihin ƙasar Zuru, a kudancin Jihar Kebbi, yana da abin da zai ce a kan wannan.

Tun kafin zuwan Turawa, Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, suna da wata makaranta wadda ba ta da gini, watau golmo. Saurayin da ke neman aure yakan shiga ƙungiyar tsaransa, su riƙa noma gonar surukin kowane ɗayansu bi da bi, bisa ga al'ada har shekara bakwai. A nan yaro ke koyon lokacin shuka, da rabon aiki, da biyayya ga shugaba, da cika alkawari. Abin lura shi ne akwai abin da zai rasa in ya yi lalaci, gama matar da yake nema da mutuncinsa a gari duk sun rataya ga aikin nan.

Da ilmin boko ya zo Arewa, masu kawo shi ba su manta da aikin hannu ba. Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuwa haɗa ta da sashen koyon sana'o'i irin su sassaƙa da ƙira da dukanci. Amma fa zamani ya rinjayi niyyarsa. En'e da gwamnati malaman ofis suke nema, su ake ba albashi da girma. Saboda haka iyaye suka ga alƙalami ya fi guduma, gonar makaranta kuma a wurare da yawa ta koma wurin horon mai laifi. Yaro ya yi noma, amma bai san inda amfanin ya tafi ba, balle ya san riba.

A Amurka an bi wata hanya dabam. A makarantar Tuskegee, wadda Booker T. Washington ya shugabanta tun buɗe ta a 1881, ɗalibai ne suka yi tubali suka gina ɗakunan karatunsu, har suna sayar wa mutanen gari. Dokar Morrill ta 1862 kuma ta ba jihohi filaye don kafa kwalejojin noma da sana'a. Wannan ra'ayi ya iso Samaru bayan an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sa'ad da malaman Jami'ar Jihar Kansas suka taimaka wajen raya tsangayoyin noma da likitancin dabbobi. Daga baya, a 1973, asusun ITF ya ƙirƙiro shirin tura ɗalibai masana'antu su ga aiki da idonsu, sa'an nan a 1988 aka buɗe jami'o'in noma a Makurɗi da Abekuta.

Zuru ta sami rabonta tun zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato, lokacin da aka kafa Kwalejin Aikin Gona a garin. Kwalejin ta koma hannun Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991, a 2020 kuwa Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a harabarta. Watau ke nan jikokin masu golmo yanzu suna karanta noma a aji, a ƙasar da kakanninsu suka koye shi a kunya.

In an duba wannan tarihi duka, za a ga bambanci ɗaya tsakanin koyon da ya kama da wanda ya bi ruwa. Inda ɗalibi ya ɗauki nauyi da kansa, ilmi ya zauna. Inda ya zama ɗan kallo ko ɗan ƙwadago, ya manta da shi ran da ya karɓi takardar shaida. Don haka gonar jami'a ko gidan kajinta ba su isa a kira su makarantar kasuwanci ba, sai ɗalibai ne ke riƙe da littafin shiga da fita, su sayi iri da abincin kaji, su yi ciniki da dillali a kasuwar Zuru, su kuma zauna su yi lissafi in dawa ta faɗi bayan kaka. Malami ya tsaya a matsayin dattijon da ke duba kunya, jari ya zama rance wanda ƙungiya za ta mayar don na baya su samu.

Wannan nasiha ta shafi kwalejojin horon malamai fiye da kowa, gama malamin da bai taɓa sayar da ko mudun gero ba, da wuya ya koya wa yaro yadda ake gane riba daga uwar kuɗi.