Yadda Aka Gano Makomar Taurarin Tsakiya Idan Galaksi Biyu Suka Haɗe

Kusan kowane babban gungun taurari, wato galaksi, yana da ƙaton baƙin rami a cibiyarsa, wanda nauyinsa ya ninka na rana sau miliyoyi ko biliyoyi. An shafe shekaru da dama kafin masana su fahimci abin da ke samun taurarin da ke zagaya irin wannan rami idan galaksi biyu suka haɗe.

Subrahmanyan Chandrasekhar ne ya aza harsashin lissafin a 1943. Ya nuna cewa abu mai nauyi da ke ratsa tarin taurari yakan rage gudu, domin taurarin da suka taru a bayansa suna janyo shi. A 1972 Alar da Juri Toomre suka nuna da kwamfuta cewa dogayen jelolin wasu galaksi alamar karo ne. A 1980 kuma Begelman da Blandford da Rees suka bayyana cewa bayan haɗewa ramukan biyu za su gangara tsakiya, su riƙa zagaya juna.

A nan taurarin ke shan wuya. Tauraron da ya kusanci ramukan biyu ana cilla shi waje kamar dutse daga majajjawa, ya tafi da wani kaso na ƙarfin zagayensu, su kuma su ƙara matsowa. A 1991 Ebisuzaki da Makino da Okumura, masana daga Japan, suka ce wannan zai rarake cibiyar galaksi. Hotunan madubin hangen nesa na Hubble na shekarun 1990 sun nuna manyan galaksi masu siffar ƙwai da ƙarancin taurari a tsakiya, kuma wannan na cikin hujjoji mafi ƙarfi a fagen.

Sai wata matsala ta taso. Idan taurarin kusa suka ƙare, ramukan na iya daina matsowa, su tsaya da tazarar kimanin shekara 3 ta tafiyar haske a tsakaninsu, kamar yadda Milosavljević da Merritt suka fayyace a 2003.

Ba duka taurarin ke tsira ba. Wasu hanyarsu kan karkata har rami ya yayyaga su, lamarin da Jack Hills ya yi hasashensa a 1975. A 2014 Iair Arcavi da abokan aikinsa suka lura cewa hakan ya fi yawa a galaksin da ba su daɗe da daina haifar taurari ba, waɗanda ake danganta da yawansu da haɗewa. A 2023 ƙungiyar NANOGrav ta sanar da alamun igiyoyin janyowa, wato girgizar da motsin abubuwa masu nauyi ke haifarwa a sararin samaniya, waɗanda ake kyautata zaton daga irin waɗannan tagwayen ramuka suke fitowa.