Abin Da Ke Sa Hitar Gas Mutuwa Da Zarar An Saki Makunni

A nan Anguwan Rukuba, daga Disamba zuwa Janairu, sanyin Jos ba wasa ba ne, garin yana sama da mita 1,200 daga gaɓar teku. Shi ya sa wasu gidaje ke ajiye hitar gas. 'Yan'uwanmu na Agege da Sabon Ibadan ba sanyi ke damunsu ba, amma masu kiwon 'yan tsaki suna amfani da irinta, kuma ƙorafin ɗaya ne: ka danna makunni wuta ta kama, kana saki ta mutu.

Yawanci ba hitar ce ta lalace ba. Kusa da ƙaramar wutar nan da ke fara kamawa akwai wani ɗan tsinken ƙarfe, masu gyara suna ce masa tamokoful. In wuta ta gasa kansa sai ya samar da lantarki ɗan mitsitsi, milibolt 20 zuwa 30, wanda ke riƙe ƙofar gas a buɗe. Bai ji zafi ba, ƙofa ta rufe, don kada gas ya cika ɗaki.

Ni dai da haƙuri nake farawa. A riƙe makunni daƙiƙa 30 kafin a saki, mutane da yawa biyar ma ba sa kaiwa. Sai a dubi wutar: shuɗiya ake so, tana lasar kan tsinken. In ta yi ruwan ɗorawa tana rawa, ƙurar hunturu ce ta toshe hanyar iska. A rufe silinda, a bari ta huce, a hure wurin da famfon keke, a goge baƙin da ya taru a kan tsinken. Allura kuwa kar a kuskura a zura, ramin zai faɗaɗa, shi ke nan an ɓata shi.

Ɗaya ƙarshen tsinken yana ɗaure da noti a jikin bawul. Ya kan saki. A ɗaure da hannu, a ƙara kaɗan da sifana. In duk an yi bai riƙe ba, tsinken ya mutu, a sa mai gyara ya canza, sannan a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo da regileta a ga ko zai yi kumfa.

Akwai kuma wadda ke ci minti goma ko ashirin sannan ta mutu. Yawancinsu an yi su ne su kashe kansu in iskar oksijin ta ɗakin ta sauko wajen kashi 18 cikin ɗari. Taga za a buɗe.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne masu ɗaure makunni da roba ko su cusa tsinken ashana. Na ga wani mai gyara ya yi wa maƙwabcinmu haka, har da karɓar kuɗin aiki. In wutar ta mutu da dare gas zai ci gaba da fita, in kuma tana ci a rufaffen ɗaki, iskar kabon monoksayid ba ta da wari, mai barci ba zai ji ta ba.