Tunawa da 'Yan Sama Jannatin da Suka Halaka: Nazari kan Abin da Ake Faɗa da Abin da Ake Binnewa

A ƙarshen watan Janairun kowace shekara, Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, wato NASA, tana ware rana guda don tunawa da mutanenta da suka rasa rayukansu a bakin aiki. Akan ajiye furanni a maƙabartar Arlington, a karanto sunaye a Cibiyar Kennedy da ke jihar Florida. Dalilin zaɓen wannan lokaci shi ne manyan masifu uku da suka auka wa hukumar duk sun faɗo cikin kwanaki shida na kalanda, ko da yake shekaru ne a tsakaninsu: gobarar Apollo 1 a ranar 27 ga Janairun 1967, tarwatsewar kumbon Challenger a ranar 28 ga Janairun 1986, da wargajewar Columbia a ranar 1 ga Fabrairun 2003. Mutum 17 ke nan. Wannan nazari zai duba yadda aka tuna da su, kuma hujjarsa ita ce tunawa iri biyu ce: akwai tuna mamaci, akwai tuna abin da ya kashe shi. Ta farko kowa yana sonta. Ta biyu kuwa sai da aka sake binne wasu bakwai kafin hukumar ta rungume ta da gaske.

Sunaye a kan dutse

Ta fuskar karrama mamatan, ba wanda zai ce Amurka ta gaza. A 1991 aka buɗe wani katafaren bango na baƙin dutse mai sheƙi a Cibiyar Kennedy, aka sassaƙa sunayen a jikinsa, kuma wani kaso mai yawa na kuɗin ginin ya fito ne daga lambar mota ta musamman da mazauna Florida suka riƙa saya. An raɗa wa makarantu da tituna sunayensu. Har a duniyar Mars akwai tsaunuka bakwai masu ɗauke da sunayen ma'aikatan Columbia. Iyalan waɗanda suka mutu a Challenger su ma ba su tsaya a makoki ba: a cikin 1986 ɗin suka kafa cibiyar koyar da yara kimiyya, domin tafiyar tun asali ta ilimi ce. Christa McAuliffe malamar sakandare ce daga garin Concord, an zaɓo ta daga cikin malamai fiye da 11,000 don ta ba da darasi daga sama, shi ya sa ɗalibai da yawa suka ga tarwatsewar kumbon kai tsaye a talabijin suna cikin aji.

Amma jerin sunaye ma yana da siyasarsa. A watan Agustan 1971, David Scott na Apollo 15 ya ajiye ɗan ƙaramin mutum-mutumi a kan wata, tare da allo mai sunayen mutum 14, Amurkawa takwas da 'yan Tarayyar Sobiyet shida. A tsakiyar Yaƙin Cacar Baki, wannan karamci ne. Sai dai babu sunan Valentin Bondarenko, wanda ya ƙone a ɗakin gwaji mai cike da iskar oksijin a watan Maris na 1961, saboda mahukuntan Mosko sun rufe labarin har zuwa 1986. Vladimir Komarov da ma'aikatan Soyuz 11 su uku, 'yan Sobiyet da suka mutu a tafiyar sararin samaniya, sun samu jana'izar ƙasa, an sa tokarsu a bangon Kremlin, shi kuwa Bondarenko ko ambatonsa ba a yi ba, don ya mutu a ƙasa, a wurin da za a iya ɓoyewa. Babu kuma sunan Manjo Robert Lawrence, baƙar fata na farko da aka zaɓa a wani shirin zuwa sararin samaniya, wanda ya mutu a hatsarin jirgin horo a Disambar 1967. Sai a 1997, bayan shekara 30, aka ƙara sunansa a bangon Florida.

Daren 27 ga Janairu

A yammacin ranar da Challenger ya tarwatse, Shugaba Ronald Reagan ya ɗage jawabinsa na shekara ga majalisa, ya yi wa al'umma ɗan gajeren jawabi wanda Peggy Noonan ta rubuta. Ya kira mamatan jarumai masu share fage, waɗanda suka san hatsarin da ke gabansu amma suka tafi. Jawabi ne da ya dace da ranarsa, kuma ba za a zargi mai ta'aziyya da rashin gabatar da rahoton bincike ba. Matsalar ita ce wannan harshe na jarumta da sadaukarwa ya zama shi ne harshen tunawa na dindindin, alhali abin da bincike ya tono daga baya bai zauna daidai a cikinsa ba.

Ga abin da ya faru. Rokoki biyu da ke gefen kumbon gaɓa-gaɓa aka haɗa su, kuma a kowace mahaɗa akwai zoben roba da ke hana iska mai tsananin zafi tsiyayowa. Sanyi yana sandarar da robar, ta kasa toshe kafar da sauri. Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol sun san haka. Tun a Yulin 1985 ɗaya daga cikinsu, Roger Boisjoly, ya rubuta wa shugabanninsa gargaɗi cewa lamarin zai iya jawo asarar rai. Daren jajiberin tashin, a wani taro ta wayar tarho, injiniyoyin suka ba da shawarar kada a harba kumbon in sanyi ya yi ƙasa da kimanin digiri 12 a ma'aunin Salshiyas. Jami'an NASA suka nuna rashin jin daɗi. Manajojin kamfanin suka nemi a ba su 'yan mintuna, suka keɓe, suka dawo da amincewa. Allan McDonald, wakilin kamfanin a Florida, ya ƙi sa hannu. Washegari aka harba kumbon cikin sanyin kusan digiri 2, ya tarwatse bayan daƙiƙa 73.

Su bakwai ɗin da ke ciki ba a gaya musu an yi wannan gardama ba. A nan ne maganar sadaukarwa take ɗingishi. Dick Scobee da Michael Smith matuƙa jirgin gwaji ne, sun san tafiya sama ba wasa ba ce, kuma sun yarda da hatsarin da ba a sani ba. Amma ba su yarda da hatsarin da aka sani, aka tattauna, aka ƙi faɗa musu ba. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma magana ce mai sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Sai dai idan hukuma ce ta ɗauke ta, takan mayar da ita mayafin sakaci.

Kwamitin da ya binciki hatsarin, wato kwamitin Rogers, bai bari an lulluɓe ba. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, masanin kimiyyar fiziks Richard Feynman, ya tsoma guntun robar cikin ruwan ƙanƙara a gaban kyamara, kowa ya ga yadda ta ƙi komawa siffarta. Ya kuma nuna cewa injiniyoyi suna ƙiyasta yiwuwar asarar kumbo da kusan ɗaya cikin 100, manajoji kuwa suna cewa ɗaya cikin 100,000. Bayan shekara goma, masaniyar zamantakewa Diane Vaughan ta fitar da littafi a 1996 wanda, a ganina, ya fi rahoton kwamitin tayar da hankali. Ta nuna cewa ba wasu miyagu ne suka karya doka ba. An riƙa ganin robar tana cinyewa a tafiye-tafiyen baya, kumbo yana dawowa lafiya, sai kowace dawowa ta zama shaidar cewa lahanin ba kome ba ne. A hankali abin da ya saɓa wa ƙa'ida ya zama shi ne ƙa'ida. Irin wannan laifi ba shi da fuskar da za a nuna da yatsa, don haka yake da wuyar tunawa.

Makomar tarkace

Hanya mafi sauƙi ta gane halin hukuma game da masifarta ita ce a duba inda ta kai tarkacen. Kumbon Apollo 1, wanda Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee suka mutu a cikinsa yayin atisaye a ƙasa, saboda wuta ta tashi cikin tsantsar oksijin kuma ƙofar kumbon ta ciki take buɗewa, an kulle shi a wani ma'aji a Cibiyar Langley ta jihar Virginia. Shekara 50 aka yi kafin a nuna wa jama'a ƙofarsa, a 2017. Tarkacen Challenger kuwa a 1987 aka zuba shi cikin tsofaffin ramukan makamai masu linzami a Cape Canaveral, aka rufe da kankare. Ana iya cewa girmamawa ce, kuma iyalai suna da haƙƙin kada a mayar da wurin mutuwar 'yan'uwansu abin kallo. Amma sakamakon shi ne sabon injiniyan da ya shiga aiki a 1995 zai ga hotunan mamatan suna murmushi a bango, ba zai taɓa ganin ƙarfen da wuta ta huda ba.

Shekara 17 bayan Challenger, tarihi ya maimaita kansa kusan harafi da harafi. Daƙiƙa 82 da tashin Columbia a ranar 16 ga Janairun 2003, wani guntun soso mai rufe tankin mai, wanda nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba, ya ɓalle ya daki fiffiken hagu. An saba ganin soso yana ɓallewa, an saba kumbo yana dawowa. Wasu injiniyoyi, ciki har da Rodney Rocha, suka nemi a roƙi sojoji su ɗauko hoton fiffiken da na'urorinsu, manajoji suka dakatar da buƙatar. Aka aika wa ma'aikatan kumbon saƙo cewa ba abin damuwa ba ne. A ranar dawowa iska mai zafi ta shiga ta ramin, kumbon ya wargaje a samaniyar jihar Texas, saura minti 16 ya sauka. Rick Husband da William McCool da Michael Anderson da David Brown da Laurel Clark da Kalpana Chawla, haifaffiyar Indiya, da Ilan Ramon ɗan Isra'ila, duk suka halaka. A duk waɗannan shekaru 17 ba a taɓa daina ajiye furanni don Challenger ba. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi cewa tuna mamaci kaɗai ba ya kare mai rai.

Kwamitin da Admiral Harold Gehman ya jagoranta ya faɗi haka ƙarara a rahotonsa na Agustan 2003: al'adar aiki ta hukumar tana da hannu a hatsarin daidai da yadda soson yake da shi. 'Yar sama jannati Sally Ride, wadda ta zauna a kwamitocin biyu, ta ce tana jin amon Challenger a cikin Columbia. Daga nan salon ya sauya. Dubban masu neman tarkace suka bi dazuzzukan gabashin Texas da Louisiana, har biyu daga cikinsu suka mutu a hatsarin helikwafta, aka tattaro guntaye kusan 84,000, kimanin kashi 38 cikin ɗari na nauyin kumbon. Ba a binne su ba. An jera su a hawa na 16 na babban ginin harhaɗa rokoki a Cibiyar Kennedy, ana ba masu bincike aronsu, ana kai ma'aikata su gani da idonsu. A 2008 hukumar ta fitar da rahoto mai ɗaci kan yadda kujeru da ɗamara da hular kwano suka gaza kare ma'aikatan, don masu ƙera kumbon gaba su gyara. A 2015, da yardar iyalai, aka baje wa jama'a wani ɓangaren jikin Challenger da firam ɗin tagogin Columbia.

Waɗanda babu su a bango

Masu gargaɗin fa? Boisjoly ya ba da shaida a gaban kwamiti, abokan aiki suka juya masa baya, ya bar kamfanin, ya ƙare rayuwarsa yana laccoci kan ɗa'ar aikin injiniya har rasuwarsa a 2012. An rage wa McDonald matsayi, sai da 'yan majalisa suka sa baki aka mayar da shi, kuma shi ya jagoranci sake fasalin rokar. Bob Ebeling, wanda shi ma ya yi ƙoƙarin hana tashin, ya shekara 30 yana ɗora wa kansa laifi. Sai a farkon 2016, bayan hira da gidan rediyon NPR, wasiƙun jama'a da saƙon tsofaffin manyansa suka iso masa cewa ya sauke nauyin da ke kansa. Ya rasu a watan Maris na shekarar. Ba a sassaƙa sunan mai gargaɗi a dutse, domin tuna shi yana nufin tuna wanda ya ƙi saurarensa.

Ko darasin ya zauna? Akwai alama guda mai kyau, ko da yake alama ɗaya ba ta isa hukunci ba. A 2024 kumbon Starliner na kamfanin Boeing ya kai Butch Wilmore da Suni Williams tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, amma wasu injinan sarrafa shi suka ba da matsala a hanya. Kamfanin yana ganin kumbon zai iya dawo da su, wasu injiniyoyin NASA ba su gamsu ba. Shugaban hukumar na lokacin, Bill Nelson, mutum ne da ya sauko daga Columbia a Janairun 1986, kwana goma kafin Challenger ya tashi. Da yake sanar da hukunci a watan Agusta, ya ambaci haɗurran biyu a matsayin dalili. Starliner ya dawo ba kowa a ciki a watan Satumba, ya sauka lafiya. Tafiyar da aka shirya ta kusan mako guda ta zama ta wata tara, kuma su biyun sun dawo gida da ransu a watan Maris na 2025 cikin kumbon SpaceX.