Mai Asma da Allurar Barci: Inda Tsoron Ya Samo Asali

Idan an sa maka ranar tiyata, ko an sa wa ɗanka, alhali akwai asma a ƙirji, wataƙila ka ji ana cewa mai asma ba ya farkawa daga allurar barci. Tarihi zai nuna maka inda gaskiyar take.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har a 1824 ya nemi baƙonsa Clapperton da a aiko masa likita daga Ingila. Ya rasu a 1837, zamanin da ko a Turai ana yanka majiyyaci ne idonsa biyu. Sai ranar 16 ga Oktoba 1846 William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci sinadarin ether a Boston ta Amurka, aka yi masa aiki yana barci. Ether ya kawar da zafi, amma yana tayar da tari, yana tara majina, abin da ƙirjin mai asma ba ya so.

Daga baya magungunan suka sauya. A 1956 aka fara amfani da halothane a Manchesta, a 1962 aka haɗa ketamine, kuma dukansu suna buɗe hanyoyin iska. A 1969 abin shaƙa na Ventolin ya shiga kasuwa. Yau wanda asmarsa ta kwanta yakan yi tiyata ya tashi lafiya.

Haɗarin da ya rage shi ne bututun numfashin da ake sawa a maƙogwaro, domin yana iya sa hanyoyin iska su tsuke, musamman idan ciwon yana tashe. Ka kuma san yadda hazon hunturu, da ƙurar casar shinkafa a fadamun Wurno da Goronyo, da hayaƙin itace suke tayar da shi.

Saboda haka, ko a Rabah za a yi aikin, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ka gaya wa likitan sa barci ranar da asmar ta tashi na ƙarshe, da ko asfirin ko diclofenac sun taɓa toshe maka numfashi. Ka tafi da abin shaƙarka, ka bar taba tun makonni kafin ranar. Idan mura ta kama ka, kuma aikin ba na gaggawa ba ne, kada ka ji haushi in an ɗage shi. Mai juna biyu kuwa ta tambaya ko allurar kashin baya za ta wadatar. Allah ya ba da lafiya.