3.2 Harajin Man Dizal da Mayar da Kuɗin Dako a Hanyar Kaduna zuwa Maraɗi

Wannan sashe zai duba yadda manufofin gwamnati kan man dizal, wanda direbobi suka fi sani da gas, suka shafi jigilar kaya daga Kaduna zuwa Jamhuriyar Nijar. A wasu ƙasashe, misali Faransa tun 1999, hukuma kan ɗora haraji mai nauyi a kan dizal, sa'annan ta mayar wa masu manyan motoci wani kaso. A Nijeriya kuwa, kuɗin dako ne aka riƙa mayarwa, ba haraji ba.

A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta tsayar da farashin mai na bai ɗaya a duk faɗin ƙasa. Da yake kai mai Arewa ya fi tsada, sai aka kafa Asusun Daidaita Farashin Mai a 1975 domin biyan dillalai abin da suka kashe saboda nisan hanya. Buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980 ya rage wannan nisa. A wancan lokaci tankoki kan yi lodi a kudancin kogi, su bi ta Zariya da Kano ko Katsina, har zuwa Jibiya. Amma duk lokacin da matatar ta tsaya, dole a yi dakon mai daga Legas, nauyin kuma ya koma kan asusun.

Arhar man ta haifar da wata matsala. Tunda lita ta fi tsada a Maraɗi, sai fasa-ƙwauri ya bunƙasa, man da aka biya wa kuɗin dako domin talakan Nijeriya ya riƙa tsallaka iyaka. Sakamakon haka shi ne dogayen layuka a gidajen man unguwannin Kaduna irin su Malali da Kawo, da kuma yawaitar 'yan bumburutu.

A watan Oktoba 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta mayar da litar fetur naira 11, ta dizal naira 9. An zuba wani ɓangare na rarar a asusun PTF ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari, wanda ya gyara hanyoyi da dama kafin a rushe shi a 1999. Ana iya cewa wannan ƙari haraji ne a fakaice, wanda ya komo wa masu motoci ta hanyar kwalta.

Daga 2003 aka sakar wa kasuwa farashin dizal, alhali fetur na nan da tallafi har 2023. Ke nan a wancan lokaci mai tanka ya riƙa sayen gas da tsada domin ya ɗauki fetur a kan kuɗin dakon da hukuma ta ƙayyade. Wannan ne tushen yawancin takaddamar ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO da gwamnati. Dokar man fetur ta 2021 ta shigar da asusun daidaitawar cikin sabuwar hukuma, kuma a 2024 aka ɗage harajin VAT daga kan dizal.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa muddin farashi ya bambanta tsakanin Jibiya da Maraɗi, duk rangwamen da aka yi a gida wani kasonsa a ƙetare yake ƙarewa. Sashe na gaba zai duba matakan da jami'an kwastan suka ɗauka a kan iyaka.