Daga Amyar Gamba Zuwa Akwatin Katako: Yadda Ciyar da Ƙudan Zuma Ya Shigo Ƙasar Hausa

Kiwon zuma tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, amma ciyar da ƙudan zuma baƙon abu ne. Manomin da ya gaji sana'ar yakan saƙa amya da gamba ko wata ciyawa mai ƙarfi, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, sannan ya ɗora ta a reshen ɗorawa, ko kuka, ko tsamiya. Daga nan ya gama nasa sai ranar ɗiba. Gawo yakan yi fure da shigowar rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, ɗorawa da kaɗanya su biyo baya a cikin hunturu, a ɗebi zuma da bazara. Idan abinci ya yanke, musamman a tsakiyar damina da ruwa ke hana ƙuda fita, ƙudan ƙasarmu ba ya zaman jiran yunwa. Tashi yake yi gaba ɗaya ya bar amya fayau, mai ita kuma ya sake turara ta ya jira wani ayarin.

Akwai abubuwa biyu a wannan tsari da ya kamata mai karatu ya lura da su. Amyoyi a warwatse suke, wannan a gonar gabas, waccan a bakin fadama. Haka kuma ba a ɗiban zuma sai da dare, da wuta da hayaƙi. Galibi akan ce tsoron harbi ne ya sa haka, kuma gaskiya ne, amma dare yana da wani amfanin: ƙuda ba ya yawon neman abinci a duhu, don haka ƙanshin zumar da aka fasa ba ya jawo na maƙwabta. Kafin gari ya waye an kwashe komai.

Canjin ya faro ne daga nesa. A shekarar 1851 wani Ba'amurke mai suna Lorenzo Langstroth ya gano cewa idan aka bar tazarar milimita 6 zuwa 9 tsakanin katakan cikin amya, ƙuda ba zai toshe ta ba, ba kuma zai yi saƙa a ciki ba. A 1852 ya yi rajistar akwatinsa wanda ake iya zare saƙa a duba a mayar. Daga baya aka fito da amyar Kenya, mai sanduna a sama, wadda kowane kafinta zai iya haɗawa. Waɗannan akwatuna ne ma'aikatan gona da ƙungiyoyin raya karkara suka yi ta koya wa manoma a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, a daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, da saran itace, suka rage furen daji.

Wanda ya kashe kuɗi ya sayi akwati ba zai yarda ƙudansa su yi ƙaura ba. Daga nan ruwan sukari ya shigo, kilo 1 a cikin lita 1 na ruwa. Kuma saboda ɓarayi da sauƙin aiki, sai aka jera akwatuna goma ko ashirin a ƙarƙashin inuwa guda. A ganina nan ne fashi tsakanin amyoyi ya zama matsala, domin an haɗa yunwa da maƙwabtaka da zaƙi a wuri ɗaya.

Dalilin yana cikin binciken Karl von Frisch, wanda ya sami lambar Nobel a 1973. Ƙudan da ya samo abinci yakan koma gida ya yi rawa a kan saƙa. Idan wurin na da nisa, rawar tana nuna shiyya da tazara. Idan kuwa kusa ne, ba ta fayyace shiyya sosai, saƙon kawai shi ne akwai zaƙi a nan kusa. Sai dubban ƙuda su fito suna bin kowace kafa. Idan sun lashe kwanon da aka ajiye a fili, abin da ya rage mai ƙanshi shi ne amyar da ba ta da ƙarfi. Za a ga kokawa a bakin ƙofa, gawarwaki a ƙasa, da ɓarɓashin kaki inda aka yage saƙa. A cikin kwana ɗaya ko biyu ana iya kwashe amya kaf, wani lokaci har sarauniya ta halaka.

Masu kiwon da suka ƙware sun koma ga hikimar dare. Ba sa ba da ruwan sukari sai bayan faɗuwar rana, kuma a cikin akwatin suke sa shi, a ƙarƙashin murfi, gwargwadon abin da za a shanye kafin safiya. Suna rage ƙofa ta koma yadda ƙuda ɗaya ko biyu kawai za su wuce, don masu gadi su iya tsare ta, su kuma toshe tsagar katako da laka. Abin da ya zube a ƙasa a bi shi da ruwa ko a rufe da ƙasa nan take. Ana ciyar da duk amyoyin wurin a dare guda, har da masu ƙarfi, tunda su ne 'yan fashin. Zumar kasuwa kuwa ba a ba ƙuda ita, domin ƙanshinta ya fi na sukari tayar da fitina, kuma tana iya ɗauko cutar da ke kashe tsutsar ƙuda.

Idan fashin ya riga ya ɓarke, akan lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen buhu ko zane har yamma. In abin ya ci tura, sai a ɗauke shi da dare a kai shi nisan kilomita 3 ko fiye, inda 'yan fashin ba za su same shi ba.